Ba A Ba Kura Ajiyar Nama: Ciwon Cin Abinci Da Likitan Cikin Waya

'Yan'uwa ɗalibai, maza da mata, da yayyenmu da suka riga mu fita suka kama aikin gwamnati, akwai wata magana da ya wajaba mu yi ta tun rana ba ta faɗi ba. A kwanakin nan duk taron da aka kira a kan lafiyar jama'a, sai wani mai babbar riga ya miƙe ya ce wai maganin ƙarancin likitoci yana cikin aljihunmu, watau wayar salula. A sauke manhaja, a yi hira da na'ura, shi ke nan an warke. Masu sauraro su yi tafi, a raba lemo, a watse. To, mu ba mu tafa ba. Mun bi sawun wannan dabara har ƙasar da aka ƙago ta, mun duba yadda ta kaya a kan wata cuta guda mai kashe matasa irinmu, kuma abin da muka gani ya fi ƙarfin a yi shiru a kansa.

Cutar da muke nufi ita ce rikicewar cin abinci, wadda likitoci suka sa cikin cututtukan ƙwaƙwalwa. Manyan rassanta uku ne. Na farko shi ne anoreksiya, watau mutum ya riƙa hana kansa abinci da gangan har ya rame ya zama ƙashi da rai, alhali kuwa in ya dubi madubi ƙiba yake gani. Likitan Ingila William Gull ne ya raɗa mata wannan suna a 1873. Na biyu shi ne bulimiya, wadda Gerald Russell ya bayyana a 1979: a ci abinci mai yawa a ɓoye, sa'an nan a sa yatsa a maƙogwaro a amayar, ko a sha maganin gudawa. Na uku shi ne ciwon cin da ba tsayawa, inda mutum zai yi ta ci cikin ƙanƙanen lokaci, yana so ya bari ya kasa, daga baya kunya da baƙin ciki su rufe shi. Sai a 2013 likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka suka ba shi matsayin cuta mai zaman kanta a kundinsu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 mutum miliyan 14 ke fama da waɗannan cututtuka, kusan miliyan 3 daga cikinsu yara ne da matasa.

Kada wani ya ce shagwaɓa ce. Yawan amai yana zubar da sinadarin fotasiyam daga jini, in ya yi ƙasa kuwa bugun zuciya ya rikice, ta iya tsayawa farat ɗaya. Tsamin ciki yana cinye haƙora. Yunwa mai tsawo tana ɗauke wa mace al'adarta, tana rarake ƙashi, tana rage bugun zuciya. Wani babban nazari da aka buga a 2011, wanda ya tattara binciken shekaru masu yawa, ya nuna cewa mai anoreksiya ya fi tsararsa haɗarin mutuwa kusan sau 6, kuma 1 cikin 5 na waɗanda suka mutu kansu suka kashe. Mawaƙiyar Amurka Karen Carpenter tana da shekara 32 zuciyarta ta tsaya a 1983, bayan ta daɗe tana fama da wannan ciwo. Wannan ita ce cutar da ake so a damƙa wa na'ura.

Ga yadda aka yi a Amurka. Akwai wata babbar ƙungiya da ake kira NEDA, wadda ta yi sama da shekara 20 tana riƙe da layin wayar agaji ga masu wannan ciwo. 'Yan ma'aikata kaɗan ne ke tafiyar da shi, tare da masu aikin sa kai kusan 200, kuma a 2022 kaɗai sun amsa kukan mutum kusan 70,000. Aiki ya yi musu yawa, suka nemi a ƙara hannu a ƙara horo. A watan Maris na 2023 suka kaɗa ƙuri'a suka kafa ƙungiyar ƙwadago. Kwana huɗu bayan an tabbatar da ƙungiyar tasu, sai aka sanar da su cewa za a rufe layin, an sallame su, kuma wata na'urar hira mai suna Tessa ce jama'a za su riƙa samu. Shugabannin NEDA sun ce babu ruwan wannan da ƙungiyar ƙwadago, wai kira ne ya yi yawa, kuma masu aikin sa kai ba su da horon tarbar wanda ke bakin halaka. Mun ji. Amma mu da muka tashi cikin gwagwarmayar ɗalibai mun san ma'anar kwana huɗu tsakanin kafa ƙungiya da takardar sallama.

Ba a kai ga ranar rufe layin ba asiri ya tonu. A ƙarshen watan Mayu na 2023 wata mata da ta taɓa fama da ciwon ta gwada Tessa, ta gaya mata larurarta. Me na'urar ta ce? Ta shawarce ta da ta rage kalori 500 zuwa 1,000 a kowace rana, ta riƙa zubar da kusan rabin kilo zuwa kilo ɗaya a mako, ta riƙa hawa sikeli duk mako, har ma ta auna kitsen jikinta. Jama'a, wannan daidai yake da a miƙa wa mashayi kwalba a ce masa ga magani. Ƙidayar loma da hawa sikeli su ne ainihin igiyar da ke ɗaure mai anoreksiya. Ranar 30 ga Mayu aka sauke Tessa. Daga nan sai zargin juna: NEDA ta ce ba da saninta aka ƙara wa na'urar ikon ƙirƙiro amsa da kanta ba, kamfanin Cass mai gudanar da ita ya ce yarjejeniya ta ba shi dama. Masu binciken Jami'ar Washington ta St. Louis da suka tsara ta tun farko, ƙarƙashin Ellen Fitzsimmons-Craft, sun ce su don rigakafi suka gina ta, ba don ta gaji layin agaji ba. Kowa ya wanke hannunsa. Mara lafiya kuwa ya tashi a tutar babu, ga layi an rufe, ga na'ura an sauke. Tsugune ba ta ƙare ba, an sayar da kare an sayi biri.

Mun san abin da wasu za su ce. Za su ce wannan ciwon Turawa ne, ciwon waɗanda suka ƙoshi har suka raina tuwo, mu da yunwa ke kora ina ruwanmu? Wannan magana tana da daɗin faɗi a bakin shago, amma ba ta tsayawa in an auna ta. Tun 1981 wata mujallar likitocin ƙwaƙwalwa ta Ingila ta buga rahoton anoreksiya daga Nijeriya. A 2004 aka buga wani bincike da aka yi a kan 'yan mata 668 na makarantun sakandare a karkarar Ghana, aka sami 10 da suka rame ƙwarai ba don wata cuta ko rashi ba, sai don hana kai abinci. A tsibirin Fiji, inda tun kaka da kakanni cikar jiki ce kyau kamar yadda take a wurinmu, Anne Becker ta Jami'ar Harvard ta yi bincike a 1995, lokacin da talabijin ya fara shiga yankin Nadroga, ba ta sami yarinya ko ɗaya da ke amai don rage ƙiba ba. Da aka koma a 1998, kashi 11 cikin 100 na 'yan matan da aka tambaya sun ce suna yi. Shekara 3 kacal, kuma da akwatin talabijin na falo. Yaya ke nan da wayar da ke kwana a ƙarƙashin matashin kai?

Batun yunwa ma, wanda ake kafa hujja da shi, hujja ce a gare mu. A 1944 zuwa 1945 Ancel Keys ya yi gwaji a Jami'ar Minnesota da samari 36 lafiyayyu da suka yarda a rage musu abinci na tsawon mako 24. Sun zubar da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na nauyinsu. Tunaninsu duka ya koma kan abinci, da aka sake su kuwa wasu suka yi ta ci ba sa jin ƙoshi. Watau yunwa da kanta tana iya haifar da rikicewar ci. Wanda duk ya zauna a ɗakin kwanan ɗalibai ya san lissafin nan na sifiri-ɗaya-sifiri, ba kumallo, ba abincin dare, sai na rana kaɗai. Ya kuma san abin da ke faruwa ran da kuɗi suka iso daga gida. Ba mu ce duk mai wannan hali mara lafiya ne ba. Cewa muka yi talauci ba laya ba ce da ke tsare mutum daga wannan ciwo.

Mu kanmu mun gani da idonmu. Akwai wata 'yar'uwarmu da muka yi shekara guda muna ci a kwano ɗaya da ita. Da zarar an gama sai ta ɗauki buta ta nufi bayi, ta sakar da famfo don kada a ji. Ta je asibiti sau uku. An auna zazzaɓin cizon sauro, an auna taifod, an ba ta maganin olsa. Babu wanda ya tambaye ta yadda take ji in ta ga abinci. A gida aka ce sammu ne, a ɗaki aka ce yanga ce. Abin da ke cikin wayarta kuwa manhaja ce mai ƙirga kalori, wadda ke taya ta murna duk ranar da ta ci ƙasa da jiya. Wata ƙawarta ce, ɗalibar aikin jinya, ta lura da kumburin kumatunta da tabon haƙori a bayan hannunta, ta zaunar da ita, ta yi ta lallashi har ta yarda aka kai ta wurin likitan da ya san ciwon.

To, shin muna ƙin fasaha ne? A'a. Gaskiya ɗaya ce, daga ƙinta sai ɓata. Akwai hanyar magani ta gyaran tunani da ɗabi'a, wadda Christopher Fairburn na Jami'ar Oxford ya yi fice wajen tsara ta, kuma tana da matakai da mutum zai iya bi da kansa: rubuta abin da ya ci da abin da ya ji, tsayar da lokutan cin abinci, daina tsallake su, gano abin da ke tunzura shi. A 2017 hukumar da ke tsara ƙa'idojin magani a Ingila ta ce ga manya masu bulimiya da masu ciwon cin da ba tsayawa, a fara da irin wannan taimakon kai da kai, amma tare da mai jagora. Babu abin da zai hana a zuba waɗannan darussa a waya. An ma gwada. A 2020 aka buga sakamakon wani gwaji a jami'o'i 27 na Amurka, da ɗalibai mata 690. Waɗanda aka ba manhaja sun fi samun sauƙi a kan waɗanda aka ce su je su nemi asibiti. Kashi 83 cikin 100 na rukunin farko sun fara amfani da ita, alhali kashi 28 ne kawai na rukuni na biyu suka sami wani magani. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga ciwon da kunya ke ɓoye shi. Yarinyar da ba za ta iya buɗe baki a gaban likita ba tana iya rubutawa da tsakar dare.

Amma a karanta gwajin har ƙarshe. Kowace ɗaliba tana da mai jagora, ɗan Adam mai jini a jika, wanda ke karanta abin da ta rubuta yana ba ta amsa. Kuma ba a sa masu anoreksiya cikin gwajin ba, domin masu binciken sun san ruwan ya fi ƙarfin wannan kwale-kwale. Mai anoreksiya yana bukatar a ji bugun zuciyarsa, a auna jininsa. In wanda ya daɗe da yunwa ya koma cin abinci gaba ɗaya, sinadarin fosfet na iya faɗuwa a jininsa, zuciya ta gaza, abincin da aka kawo don ceto ya zama ajali. Wace waya ce ke ɗibar jini? Ga 'yan mata ƙanana kuwa, hanyar da ta fi tabbata ita ce wadda aka faro a asibitin Maudsley na Landan, inda ake koya wa uwa da uba su zauna da 'yarsu a kan kwano, loma bayan loma, har ta farfaɗo. Abin da gwaji ya tabbatar ke nan: manhaja da mutum a bayanta tana taimakon wasu marasa lafiya. 'Yan kasuwa kuwa sai su yanke rabin maganar, su jefar da mutumin, domin shi ne ke karɓar albashi.

Sa'an nan mu tambayi kanmu, wannan waya da ake cewa likita ce, a hannun wa take? A 2021 wata tsohuwar ma'aikaciyar Facebook, Frances Haugen, ta fito da takardun cikin gida, ta kuma ba da shaida a gaban majalisar dattawan Amurka. Cikin takardun akwai binciken kamfanin da kansa, inda kashi 32 cikin 100 na 'yan matan da aka tambaya suka ce in suna jin ƙyamar jikinsu, Instagram ƙara musu yake yi. Kamfanin ya ce an juya masa magana, amma bai ce takardun na jabu ne ba. A ƙarshen 2022 wata cibiya mai bin diddigin ɓarna a intanet ta buɗe shafukan TikTok da sunan yara 'yan shekara 13, cikin minti 8 aka fara turo musu bidiyon da ya shafi rikicewar cin abinci. Dalili a fili yake: waɗannan kamfanoni da lokacinmu suke cin riba, abin da ya fi tsayar da ido shi suke turowa, babu kuwa abin da ke tsayar da idon yarinya kamar abin da ke sa ta raina kanta. A wani ƙaramin bincike na 2017 a kan masu ciwon su 105, kusan kashi uku cikin huɗu suna amfani da manhajar ƙirga kalori ta MyFitnessPal, kuma kashi 73 cikin 100 na waɗannan sun ce ta ƙara musu ciwo. Sirrin mara lafiya ma haja ne. A 2023 hukumar kula da ciniki ta Amurka ta sa kamfanin BetterHelp, mai haɗa mutane da masu ba da shawara ta intanet, ya biya dala miliyan 7.8 saboda miƙa bayanan masu neman taimako ga kamfanonin talla. In haka ta faru a ƙasar da ke da hukuma mai haƙora, me zai faru da 'yar talaka a nan, wadda in sirrinta ya fita har aure yana iya hana ta?

Har wa yau, na'urar da aka horar a Kalifoniya ba ta san mu ba. 'Yan matan nan na Ghana ba su ce suna tsoron ƙiba ba. Sun ɗauki hana kai abinci a matsayin kamun kai da tsarkin zuciya. Manhajar da tambayarta ta farko ita ce ko kina tsoron ƙiba za ta sallame su ta ce lafiya lau. A nan kuma matsin yana zuwa ta fuska biyu. Yau a tallata wa yarinya shayin rage tumbi, gobe a tallata mata sha-ka-fashe, watau ƙwayoyi da sirof na sa ƙiba, waɗanda galibi maganin ƙaiƙayi ne mai buɗe ciki, ko kuwa deksa, mai kumbura fuska, mai jawo hawan jini da ciwon suga da raunin ƙashi. Shan waɗannan ba ya cikin rassa ukun da muka lissafa, amma saiwarsu ɗaya ce, watau koya wa mace cewa jikin da take ciki bai isa ba. Wace manhaja ce daga waje za ta tambayi amarya abin da ake ɗura mata kafin biki? Mai ɗaki shi ya san inda ke masa yoyo.

Abin da ya sa muke ɗaga murya tun yanzu shi ne mun san halin masu mulkinmu. Ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Nijeriya ta sha faɗa a 'yan shekarun nan cewa ba su kai 300 ba, ga jama'a sama da miliyan 200, kuma kullum jirgi na kwashe su zuwa waje. Sai a Janairun 2023 aka sa hannu a dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin ta 1958 da Turawan mulkin mallaka suka bari. Daga Kware zuwa Kaduna zuwa Maiduguri, a ƙirga asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a ga tazarar da ke tsakaninsu. A irin wannan hali, manhaja abin so ce ga mai riƙe da baitulmali: ba ta neman ƙarin albashi, ba ta yajin aiki, ana iya ƙaddamar da ita a otal gaban 'yan jarida. Za a ce mana da babu gara ba daɗi. Mu kuma mu ce Tessa ta nuna akwai abin da babu ta fi shi. Ƙasar nan ce ta haifi Thomas Adeoye Lambo, wanda a 1954 ya fara zaunar da masu ciwon ƙwaƙwalwa a ƙauyen Aro kusa da Abeokuta, kowa tare da ɗan'uwansa mai jinya, har duniya ta zo koyo. Abin kunya ne jikokinsa su koma sayen abin da ma masu shi suka gwada suka sauke.

Saboda haka ga bukatunmu, kuma gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Na farko, duk manhajar da hukumar makaranta ko ma'aikatar lafiya za ta kawo wa ɗalibai, tilas a nuna mana inda aka gwada ta, da a kan su wa, da sunan likitan da zai amsa in ta yi ɓarna. Na biyu, kada a sallami mai ba da shawara ko ɗaya, kada kuma a fasa ɗaukar wani, da hujjar an kawo na'ura. Na uku, a horar da ma'aikatan asibitocin makarantu da shugabannin ɗakunan kwana su gane alamun wannan ciwo, a maza da mata, domin maza ma suna kamuwa. Na huɗu, a yi aiki da dokar kare bayanan jama'a ta 2023, kada sirrin ɗaliba ya bar hannun mai yi mata magani. Na biyar, ɗalibanmu na kwamfuta da na likitanci da na Hausa su haɗa kai su tsara darussan taimakon kai da harshenmu, bisa tuwonmu da al'adunmu, da ma'aikacin jinya a ƙarshen layi. Na shida, hukumar NAFDAC ta bi masu tallar sha-ka-fashe da shayin rama har cikin wayoyin da suke fakewa.

Kafin hukuma ta motsa kuwa, aikin namu ne. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. 'Yar'uwa, in kin ga abokiyar kwananki kullum ta ce ta ƙoshi, ko tana nufar bayi da zarar an ɗauke kwano, ko tana sanye da rigar sanyi cikin zafin bazara, kada ki yi mata dariya, kada ki yaba ramarta, kada kuma ki turo mata manhaja ki juya baya. Ki zauna kusa da ita ki tambaye ta cikin sirri, in ta musa ki sake tambaya wata rana, sa'an nan ki raka ta asibiti da ƙafarki. In kuwa tana suma, ko tana jin zuciyarta na tsalle, ko tana zancen mutuwa, a kai ta a daren, kada a jira gari ya waye.